Yadda ake bin diddigin fararen tabbai a hoton ƙwaƙwalwa idan ana zargin cutar zaizayewar rigar jijiya

Mafi yawan mutanen da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da na'urar MRI mai aiki da maganaɗisu, sakamako ya fito yana cewa an ga fararen ɗigo a farin sashen ƙwaƙwalwa, ba su da nau'in cutar zaizayewar rigar jijiya da likitoci ke taƙaita sunanta da MS. Hoto yana nuna cewa wani wuri ya samu tabo ne kurum, amma ba ya faɗin abin da ya jawo tabon, kuma abubuwan da ke iya jawo shi suna da yawa, kama daga tsufa da hawan jini har zuwa ciwon ɓarin kai da amosanin jini. Abin da ke bambanta wannan da wancan shi ne wurin da tabon yake, da siffarsa, da yadda yake sauyawa bayan watanni, sannan da abin da majiyyaci ya ji a jikinsa kafin a kai shi ɗakin hoto.

Farin sashen ƙwaƙwalwa tarin zaruruwan jijiya ne masu kai saƙo daga wannan ɓangare zuwa wancan, kuma kowane zare yana sanye da wata riga mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar yadda ake lulluɓe wayar lantarki da roba domin wuta ta wuce da sauri ba tare da ta zirare ba. A cutar MS garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa wannan riga a wurare daban-daban na ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani, wurin ya kumbura, ruwa ya taru, daga baya ya bar tabo. Jean-Martin Charcot ne ya fayyace cutar a birnin Faris a 1868, amma sai a 1981 aka fara ganin tabbanta a jikin mai rai da na'urar MRI, a asibitin Hammersmith da ke Landan. Ƙididdigar da aka fitar a 2020 ta nuna cewa mutane miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma galibi takan fara ne tsakanin shekara 20 zuwa 40. Ta fi yawa a Turai da Arewacin Amurka, ba ta da yawa a Afirka kudu da Sahara, sai dai ana samunta.

Abin da za a tanada kafin a je

Aikin farko ba a ɗakin hoto yake ba, a takarda yake. Majiyyaci ko wanda ke kula da shi ya zauna ya rubuta abin da ya faru bi da bi: ranar da abin ya fara, kwana nawa ya ɗauka, ko ya tafi da kansa, ko ya taɓa faruwa a shekarun baya aka share. Alamomin da ke sa likita ya yi zargin zaizayewar rigar jijiya sanannu ne. Akwai dushewar gani a ido ɗaya tare da zafi idan an juya idon, launuka su koɗe musamman ja. Akwai ganin abu bibbiyu, da mutuwar jiki ko jin dindiris da ke tasowa daga ƙafafu zuwa ƙugu, da tangaɗi wajen tafiya, da kasa riƙe fitsari, da kuma jin wani abu ya zarga daga wuya zuwa gadon baya idan an sunkuyar da kai. Irin wannan farmaki yakan taso ne cikin sa'o'i ko kwanaki, ya wuce sa'a 24 ba tare da zazzaɓi ba, sannan ya lafa a hankali cikin makonni. Abin da ya afka wa mutum farat ɗaya cikin minti guda ya fi kama da shanyewar ɓarin jiki, kuma wannan asibiti ake garzayawa da shi nan take, ba a jiran ranar hoto.

A rubuta har da sauran cututtukan da mutum ke da su, wato hawan jini, ciwon sukari, ciwon ɓarin kai, sikila, cuta mai karya garkuwar jiki, tarin fuka, da ko yana shan taba. Sannan a roƙi likitan da ya tura hoton ya rubuta zarginsa ƙarara a takardar neman hoto. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan an rubuta ciwon kai kawai, ma'aikacin hoto zai yi ɗaukar gama-gari da yanka masu kauri, kuma ƙananan tabbai za su iya faɗawa tsakanin yanka biyu su ɓuya.

Wace na'ura, wane irin ɗauka

Hoton CT, wanda ake ɗauka da hasken X-ray, ba ya wadatarwa a wannan bincike, ko da ya fi arha kuma ya fi sauƙin samu, saboda yawancin tabban MS ba sa fitowa a cikinsa. MRI ake buƙata, kuma ya dace a tambayi ƙarfin maganaɗisun na'urar tun kafin a biya kuɗi. Ana auna ƙarfin da ma'aunin Tesla. Ƙa'idar da masana na Turai da Arewacin Amurka suka amince da ita a 2021 ta fifita na'ura mai Tesla 3, ta kuma yarda da mai Tesla 1.5. A cibiyoyi da dama na ƙasashenmu akwai na'urori masu ƙarfin 0.2 zuwa 0.35, waɗanda suna da amfani wajen ganin babban ƙari ko matsalar ƙashin baya, amma ba a dogara da su wajen kore zargin MS. A ganina gara mutum ya yi tafiyar yini guda zuwa inda ake da mai 1.5 da ya biya kuɗin hoto sau biyu.

A zama ɗaya na'urar kan ɗauki hoton ta hanyoyi da yawa, kowace da sunanta a takardar sakamako. A ɗaukar T2 ruwa yana fitowa fari, saboda haka tabbai suna haske, amma ruwan da ke cikin kogunan tsakiyar ƙwaƙwalwa shi ma yana haske, sai tabon da ke manne da bakin kogo ya saje da shi. Ɗaukar FLAIR ce ke magance wannan, domin tana baƙanta ruwan kogo ta bar tabon shi kaɗai yana haske, kuma ita ce ginshiƙin binciken gaba ɗaya, musamman idan an ɗauke ta daga gefe. A ɗaukar T1 tsofaffin tabbai da zaren jijiya ya riga ya lalace a cikinsu suna fitowa baƙaƙe. Ɗaukar DWI kuwa tana taimakawa wajen gane sabon toshewar jijiyar jini. Ana so kaurin kowane yanka kada ya wuce milimita 3, kuma kada a bar rata tsakanin yanka da yanka.

A hoton farko akan yi allurar wani sinadari mai suna gadoliniyom ta jijiyar hannu, a jira aƙalla minti 5, sannan a sake ɗaukar T1. Tabon da ke kan kumburi a lokacin yana shan sinadarin ya yi haske, domin shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya buɗe a wurin, kuma wannan hali yakan ɗauki kimanin mako 4, da wuya ya wuce mako 8. Kafin allurar ana duba lafiyar ƙoda ga wanda ake da shakku a kansa, kuma idan ma'aunin tacewar ƙoda ya gaza 30 sai likita ya yi nazari sosai. Mai juna biyu ba a yi mata sai da larura mai ƙarfi, don haka ta faɗa tun daga farko. Wanda aka riga aka ɗura wa maganin rage kumburi mai ƙarfi na jinsin sitiroyid shi ma ya faɗa, domin maganin yana dusar da wannan haske har hoton ya nuna kamar babu sabon tabo.

Idan da hali, a haɗa da hoton laka, na wuya da na ƙirji. Dalilin yana da ƙarfi: tsufa da hawan jini da ciwon ɓarin kai suna barin fararen ɗigo a ƙwaƙwalwa amma ba su cika taɓa laka ba, saboda haka tabo ɗaya a laka yakan warware gardamar da tabbai goma na ƙwaƙwalwa suka kasa warwarewa.

Ranar ɗauka

Maganaɗisun na'urar a kunne yake dare da rana, ko ba a ɗaukar kowa. A bar waya da makulli da agogo da katin banki a waje. Mata su cire 'yan kunne da sarƙa da fil ɗin ɗankwali ko na hijabi da duk wani ƙarfe da ke cikin kitso, kuma a wanke kwalli da kwalliyar ido, domin wasunsu na ɗauke da burbushin ƙarfe da ke ɓata hoton daidai wurin jijiyar gani. Mai haƙorin Makka ko wayar gyaran haƙori ya sanar da ma'aikata, haka ma mai ɗaure da laya ko guru ya cire. Abin da ya fi haɗari shi ne wanda ke cikin jiki: na'urar daidaita bugun zuciya, na'urar ji da aka dasa a kunne, maƙalin da aka sa wa jijiyar jini a ka, ragowar harsashi, ko tartsatsin ƙarfe da ya taɓa shiga idon mai walda ko maƙeri. Duk wanda yake da ɗaya daga ciki ya faɗa kafin ya taka ƙofar ɗakin.

Za a kwantar da mutum rigingine, a sa masa abin toshe kunne saboda ƙarar na'urar, a rufe kansa da wani keji mai buɗaɗɗen gaba, a danƙa masa ƙwallon roba da zai matsa idan yana son a tsaya. Hoton ƙwaƙwalwa yakan ci minti 30 zuwa 45, idan an haɗa da laka yana iya kaiwa sa'a guda ko fiye. Babu zafi. Abin da ake nema kawai shi ne kada a motsa, har haɗiyar yawu ana so a rage lokacin ɗaukar wuya. Mai tsoron ƙuntataccen wuri ya gaya wa likita tun kwanaki kafin ranar domin a ba shi maganin kwantar da hankali.

Yadda ake karanta wuri da siffa

A nan ne aikin yake. Ƙa'idojin da ake bi wajen tabbatar da MS suna ɗauke da sunan Ian McDonald, likitan jijiya ɗan ƙasar Niyuzilan da ya yi aiki a Landan, an fitar da su a 2001, aka yi musu gyara a 2005 da 2010 da 2017 da kuma 2024. Ba yawan tabbai suke ƙirgawa ba, wurarensu suke dubawa. Wuri na farko shi ne bakin kogunan ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa, kuma sharaɗi ne tabon ya taɓa bangon kogon, ba ya kasance kusa da shi kawai ba. Na biyu shi ne ɓawon ƙwaƙwalwa ko abin da ke manne da shi ba tare da lafiyayyen farin sashe ya shiga tsakani ba. Na uku shi ne ƙasan ƙwaƙwalwa, wato kututturenta da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya mai kula da daidaiton tafiya. Na huɗu laka. Gyaran 2024 ya ƙara jijiyar gani ta zama ta biyar. Ana buƙatar tabbai a wuri 2 aƙalla kafin a ce cutar ta bazu a wurare, kuma tabon da za a ƙirga ya kai milimita 3 a tsawonsa.

Tabon MS yakan zama mai siffar ƙwai, mai tsaftataccen baki, yana tsaye a kan bangon kogo yana miƙewa waje, saboda kumburin yana bin ƙananan jijiyoyin jini masu mayar da jini da ke fitowa daga wurin. Idan suka jeru a hoton gefe ana kiransu yatsun Dawson, da sunan James Dawson, masanin cututtuka na Sikotlan da ya bayyana su a 1916. Suna kuma son gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwa, musamman ƙasanta. A laka gajeru ne, ba su cika kai tsawon ƙashin baya biyu ba, kuma sukan tsaya a gefe ɗaya maimakon su cika faɗin lakar.

Tabban ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda tsufa da hawan jini da ciwon sukari da taba ke haifarwa, halinsu daban ne. Sukan warwatsu a can tsakiyar farin sashe, kusan daidai a dama da hagu, su bar siririn lafiyayyen layi tsakaninsu da ɓawon ƙwaƙwalwa, kuma idan sun yi yawa sai su haɗe su zama faci. Mafi yawan waɗanda suka haura shekara 60 suna da su ko da kaɗan ne. Idan takarda ta ambaci ma'aunin Fazekas, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 3, to wannan nau'in ake nufi, kuma maganinsa shi ne a riƙe hawan jini da sukari da kyau, a bar taba. Masu ciwon ɓarin kai su ma sukan samu 'yan ƙananan ɗigo zagayayyu, galibi ta gaban ƙwaƙwalwa, waɗanda ba sa shan gadoliniyom. Wani bincike da aka buga a 2019 daga cibiyoyi biyu na birnin Los Anjalas ya gano cewa kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka turo musu da sunan masu MS ba su da ita, kuma ciwon ɓarin kai ne ya fi yawa a cikin abin da ke damunsu a zahiri. Da yawansu sun shafe shekaru suna shan magunguna masu tsada da haɗari a banza. Idan hakan na faruwa a inda cutar take da yawa kuma likitoci suka saba da ita, hattara ta fi wajaba a inda ba ta da yawa.

Sababbin na'urori masu ƙarfi sun kawo ƙarin shaida biyu da gyaran 2024 ya karɓa. Ɗaya ita ce ganin siririyar jijiyar jini ta ratsa tsakiyar tabo, wanda idan aka same shi a tabbai 6 ko fiye yana ƙarfafa zargin MS ƙwarai. Ɗayar kuma baƙin zobe ne na sinadarin ƙarfe da ke kewaye tabon da ke ci gaba da ruruwa a hankali. Duka biyun sai an yi wata ɗauka ta musamman, kuma ba kowace cibiya ke yinta ba.

Cututtukan da ya kamata a kore

Ga mutanen Afirka da na Asiya, babban kaso na masu zaizayewar rigar jijiya ba MS suke da ita ba, wata cuta ce ta jijiyar gani da laka da ake kira NMO. A 2004 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka gano ƙwayar garkuwar da ke haddasa ta, wadda ke kai hari ga wata ƙofar ruwa ta ƙwayoyin ƙwaƙwalwa mai suna akwaforin 4, kuma ana gane ta da gwajin jini. A hoto, tabonta na laka dogo ne, yana kai tsawon ƙashin baya 3 ko fiye, yana cin tsakiyar lakar. Tana iya kama ido biyu lokaci guda, kuma wani lokaci da shaƙuwa da amai marasa tsayawa na kwanaki take farawa, har a yi ta neman ciwon a ciki alhali yana kututturen ƙwaƙwalwa. Bambanta ta da MS wajibi ne, domin wasu magungunan MS, irin su intaferon beta, suna ƙara tsananta ta. Akwai kuma 'yar uwarta da ƙwayar garkuwa mai kai hari ga wani sinadari na rigar jijiya mai suna MOG ke jawowa, wadda ta fi kama yara da matasa, tabbanta manya ne marasa tsayayyen baki, kuma sau da yawa sukan ɓace a hoton gaba. Duk wanda ya zo da dogon tabo a laka ko makanta mai tsanani, a nema masa waɗannan gwaje-gwaje biyu, kuma an fi so a ɗebi jinin kafin a fara magani idan hakan ba zai jinkirta maganin ba.

Sikila ma tana da nata rabo. Kusan ɗaya cikin uku na yara masu nau'in SS suna samun ƙananan toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ba su nuna alama a fili kafin su balaga, kuma waɗannan suna fitowa a matsayin fararen tabbai a zurfin farin sashe, galibi ta gaba. Ga mai cuta mai karya garkuwar jiki, fari mai faɗi da ya bi ƙarƙashin ɓawon ƙwaƙwalwa ba tare da daidaito tsakanin dama da hagu ba yana iya zama aikin wata ƙwayar cuta mai suna JC. Tarin fuka, da tunjere, da ƙarancin bitamin B12, da cututtukan garkuwar jiki irin su lufus, duk suna cikin abin da likita mai lura zai duba da gwajin jini kafin ya yanke hukunci.

Gwajin ruwan laka yana cike giɓin da hoto ya bari. Ana ɗibar ruwan da allura ta ƙasan baya, a wurin da laka ta riga ta ƙare, kuma a ɗebi jini a rana ɗaya domin a kwatanta su. Abin da ake nema shi ne wasu layukan ƙwayoyin garkuwa da ke cikin ruwan laka amma babu su a jini, alamar cewa a cikin ƙwaƙwalwa ake ƙera su. Tun daga gyaran 2017, samun waɗannan layuka yana iya tsayawa a madadin jiran sabon tabo.

Hoto na biyu da abin da ke biyo baya

Sau da yawa hoton farko ba ya yanke magana, sai a ce a dawo bayan wata 6 zuwa 12. Wannan jira yana da wuya ga iyali, amma shi ma gwaji ne, domin MS cuta ce mai barin sababbin tabbai a lokuta daban-daban, alhali ɗigon ciwon ɓarin kai yawanci yana nan yadda yake. Ganin tabo mai shan gadoliniyom tare da wanda ba ya sha a hoto guda shi ma yana nuna cewa an samu farmaki fiye da ɗaya a lokuta mabambanta. Idan kuwa an tabbatar da cutar aka fara magani, akan ɗauki sabon hoton ma'auni bayan wata 3 zuwa 6, daga nan kuma sau ɗaya a shekara, kuma a waɗannan hotuna na bibiya ba lallai ne a yi allurar gadoliniyom kowane lokaci ba.

Domin kwatancen ya yi ma'ana, a koma cibiya ɗaya da na'ura ɗaya idan zai yiwu, saboda tabon da mai Tesla 3 ta gani yau yana iya kasancewa tsoho ne da mai 1.5 ta tsallake bara. A karɓi hotunan gaba ɗaya a faifan CD ko a filashi, ba fim ɗin da aka wanke da takardar sakamako kaɗai ba, domin fim yana ɗauke da zaɓaɓɓun yanka ne kawai. A rubuta kwanan wata da sunan cibiya a jikin kowane faifai, a adana kwafi na biyu a wani wuri, kuma ranar hoto na gaba a miƙa tsohon faifan ga likitan hoto tun kafin a shiga na'ura, tare da roƙon ya rubuta a sakamakonsa adadin sababbin tabbai, da wuraren da suke, da ko akwai wanda ya girma.